Habila da Umarnin da Bai Iya Jira Ba

Akwai wani mutum a wani gari da ke gindin duwatsu, sunansa Habila. Malamin kwamfuta ne a wata makarantar kwana mai nisan tafiyar awa biyu a mota daga gidansa. Ran Litinin da safe yakan tafi, ba ya dawowa sai Jumma'a da yamma. Yana da mata, ana ce da ita Afiniki, da 'ya ɗaya tilo, Tabita, wadda aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa.

Afiniki kuwa ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta ikilisiyarsu. In ta ɗaga murya, mata suka amsa, aka buga tulu, har tsofaffin da gwiwa ta hana su tashi sukan yi rawa daga zaune. Ba ta saba rubuta waƙa a takarda ba. In sabuwar waƙa ta zo mata, ko tana tsintar shinkafa ne ko tana wanke-wanke, sai ta ajiye waya kusa da ita ta ɗauki muryarta don kada ta manta. In wayar ta cika, Habila ya kwashe ya zuba a faifan ajiya, wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba. Shekara tara suna haka. Kullum yana cewa zai sayo faifai na biyu ya kwafe su, kullum yana cewa sai wata mai zuwa.

Ana nan sai ciwo ya kama Afiniki. Mako uku ta yi a kwance, Ubangiji ya kira ta gida.

Bayan an yi jana'iza, baƙi sun watse, Habila ya sa faifan a cikin aljihun tebur ya rufe. Wata bakwai bai taɓa shi ba, gama zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Amma a cikin watannin nan wani abu ya fara ba shi tsoro. Fuskarta tana nan a hoton da ke jikin bango, zannuwanta suna nan a akwati, amma muryarta ta fara sulalewa daga kunnensa. Yakan zauna a mota a hanyar makaranta, ya rufe ido, ya yi ƙoƙarin tuna yadda take jan ƙarshen baiti. Kalmomin sukan zo, muryar ba ta zuwa. Ya ji kamar ana sake ɗauke masa ita a karo na biyu, kaɗan-kaɗan.

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, Tabita ta kira shi a waya. Cikinta ya tsufa, haihuwa saura 'yan kwanaki.

Ta ce, "Baba, waƙoƙin Mama suna nan?"

Ya ce, "Suna nan, 'yata."

Ta ce, "Ka aiko mini. A nan ba ni da uwa, ba ni da gwaggo. Ina so in na shiga ɗakin haihuwa, muryarta tana kunnena."

Habila ya yi mata alkawari. Sai ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko faifan, ya jona shi da kwamfuta. Ga shi kuwa, faifan bai buɗe ba. Sai wata 'yar ƙara yake yi daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ƙwaro a cikin hatsi. Habila ya san wannan ƙara, gama ya sha gaya wa ɗalibansa ma'anarta. Faifan yana mutuwa.

Akwai manhajar da ake ceto irin wannan faifai da ita. Takan bi shi lungu-lungu tana tsince abin da ya rage, gutsure-gutsure, sai ta kai ƙarshe sa'an nan ta harhaɗa gutsattsarin su zama cikakku. Habila ya nemo ta. Washegari Litinin da safe, kafin ya kama hanya, ya sa ta aiki. Ta rubuta a fuskar kwamfuta cewa saura awa biyar.

To, ga matsala. Shi zai tafi makaranta, ba kowa a gida. Faifai mai ciwo kuwa ba a barinsa yana juyawa a banza bayan an gama da shi, don kowane juyi yana rage masa kwana. Saboda haka ya zauna ya rubuta wa kwamfutar ɗan jerin umarni, layi uku kawai, wanda zai tsaya a madadinsa. Layi na fari ya ce, ka jira awa shida. Na biyu ya ce, ka kwashe abin da aka tsamo ka aika wa Tabita, ka aiko mini. Na uku ya ce, ka kashe kwamfuta.

Ya ce a ransa, "Ta ce biyar, na ba ta shida. Ai na yi mata adalci." Ya kulle gida ya tafi.

Da azahar ta yi, yana fitowa daga aji, wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ya iso. Bai ko nufi ɗakin cin abinci ba. Ya zaga bayan ofishin malamai, ya zauna a gindin mangwaro, ya kara wayar a kunne.

Sai ga ta. Ta yi gyaran murya yadda ta saba, ta fara: "Hadari ya taso daga gabas, ni ban gudu ba, gama na san..."

Shi ke nan. Shiru.

Ya buɗe ta biyu. Ta yi baiti ɗaya ta yanke. Ta uku ƙara ce kawai, kamar ruwan sama a kan kwano. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har guda arba'in, babu wadda ta kai ƙarshe. Ashe manhajar ta tarar da wuri mai wuya a faifan, tafiyarta ta ragu, awa shida ta cika ba ta ko kai rabi ba. Umarnin kuwa bai duba ba, bai tambaya ba. Lokacin da aka ɗibar masa ya cika, ya kwashi ɗanyen aiki ya aika, ya kashe kwamfutar a kan manhaja tana tsakiyar aikinta.

Ba a jima ba Tabita ta kira, tana kuka. Ta ce, "Baba, me ya sa Mama take yankewa?"



Kwana huɗun da suka rage na makon nan, Habila yana koyarwa ne da baki, zuciyarsa tana gida. Rabin baitin nan ya zauna masa a ka. Ya san waƙar, ita ce ta ƙarshe da ta yi, ba ta kai ga koya wa mata ba ciwo ya zo. Sau ɗaya tak ya taɓa jin ta, yana sauri zai fita, bai tsaya ya saurara ba. Gama na san me? Ya juya, ya juya, bai tuna ba.

Ran Jumma'a da ya dawo, ya kunna kwamfuta, ya tarar ƙarar faifan ta ƙaru. Kashewar da aka yi masa farat ɗaya ta ƙara masa rauni. Sai ya cire shi, bai sake yarda da hannunsa ba.

A garin akwai wani dattijo, Malam Zakka, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran na'urori a gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Shi ne ya fara sa hannun Habila a kan kwamfuta tun yana saurayi. Ran Asabar da hantsi Habila ya je ya ɗauko shi a babur. Dattijon ya jingine sandarsa, ya gyara tabarau, ya karanta layi ukun nan. Ya daɗe yana kallonsu.

Sa'an nan ya ce, "Habila, wa ya gaya maka awa shida?"

Ya ce, "Baba, ita ce ta ce biyar."

Malam Zakka ya ce, "Ta faɗi abin da ta gani daga bakin hanya. Ba ta san abin da ke gaba ba, kai ma ba ka sani ba. Ka ce wa umarninka ya jira agogo. Ba ka ce masa ya jira mai aiki ba."

Habila ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya jawo kujera. Ya ce, "Duba nan. Kowace manhaja da ke aiki, kwamfuta takan ba ta lamba. Muddin tana aiki, lambarta tana cikin jerin masu aiki. Ran da ta gama, lambar ta fita. To, ga abin da za mu ce wa umarninka: ka leƙa, lambar nan tana nan? In tana nan, koma ka zauna minti ɗaya, ka sake leƙawa. Kada ka taɓa kome. Ran da ka leƙa ba ta nan, ka tambaya ko lafiya aka gama. In lafiya ne, sa'an nan ka kwashe, ka aika, ka kashe."

Habila ya ce, "Har yaushe zai yi ta leƙawa?"

Ya ce, "Har a gama."

"In ya ɗauki mako fa? Tabita ta kusa."

Malam Zakka ya dube shi da tausayi. Ya ce, "Na sani. Amma faifan nan ba zai jure kashewa ta biyu ba. Ka zaɓa, ɗana. Ko ka sami muryar Afiniki da wuri a gutsure, ko ka same ta a makare cikakkiya."

Suka duba batirin sola suka ga zai riƙe. Suka sa manhajar aiki, suka sa umarnin tsaro. Habila ya mai da dattijon gida.

Litinin ya tafi makaranta. Talata ta wuce, ba saƙo. Laraba, Alhamis, ba saƙo. Duk sa'ad da waya ta motsa a aljihunsa sai ya ciro ta da sauri, ya duba ya ga wani ne dabam. Jumma'a ya dawo, bai ko cire takalmi ba ya nufi tebur. Manhajar ta nuna aiki ya kai kashi sittin da ɗaya cikin ɗari. Ya yi wanka, ya ci abinci, ya duba: sittin da ɗaya. Asabar da safe, sittin da ɗaya. Asabar da la'asar, sittin da ɗaya.

Ya zauna gaban kwamfutar, ga ƙarar nan ƙas, ƙas, ga lissafin aiki ba ya motsi. Zuciyarsa ta ce masa, ta mutu a tsaye, kana gadin gawa ne. Tsayar da ita ka kwashi abin da ya samu, rabi ya fi babu. Har ya ɗora yatsa a kan maɓalli. Sai ya janye, ya kira Malam Zakka.

Ya ce, "Baba, ta tsaya. Tun jiya ba ta motsa ba."

Dattijon ya ce, "Lambarta tana cikin jeri?"

Ya duba. "Tana nan."

"To, ba ta tsaya ba. Idonka ne bai ga motsin ba. Tashi ka bar ɗakin."

Habila ya tashi ya fita, ya ɗauki fartanya ya shiga 'yar gonar bayan gida, ya yi ta noman da babu ciyawar kirki a cikinsa har rana ta faɗi.

Ran Laraba ta mako na biyu, mijin Tabita ya kira shi. An sauka lafiya, an sami 'ya mace. Ya miƙa wa Tabita wayar, muryarta a gajiye.

Habila ya ce, "Ki gafarce ni, 'yata. Ban cika miki alkawari ba."

Ta ce, "Ba kome, Baba. Na yi ta rera abin da na tuna da bakina. Ma'aikatan jinya ba su ji Hausa ba, amma ɗaya ta riƙe mini hannu." Sa'an nan ta ce, "Amma na so muryar Mama, Baba. Na so ta ƙwarai."

Da suka ajiye waya, ya shiga ajin da ba kowa, ya rufe ƙofa, ya yi kukan da bai yi ba ran jana'iza.

Sai a rana ta goma sha bakwai, ranar Litinin, yana tsaye yana rubutu a allo, waya ta motsa. Ya duba. An gama lafiya.

Waƙa ɗari biyu da goma sha huɗu suka fito cikakku, daga gyaran murya har amin. Talatin da ɗaya ba su dawo ba, gama suna daidai wurin da kashewar farko ta lalata. Waƙar hadarin gabas tana cikinsu. Rabin baitin nan shi ne iyakar abin da ya rage masa, bai kuwa taɓa sanin ƙarshenta ba.

Amma a cikin waɗanda suka fito akwai wata da bai san da ita ba, can kusa da ƙarshen faifan, inda manhajar ta isa a kwanakin ƙarshe. Afiniki tana rera waƙa a madafa, ana jin ƙarar ludayi a tukunya. Sai aka ji ƙofa ta buɗe. Ta katse waƙar ta ce, "Baban Tabita, ka dawo? Tsaya nan, kada ka shigo mini da laka." Aka ji muryarsa yana cewa yunwa yake ji. Ta ce, "Ka ji mutum! Ko sannu da gida babu." Sai ta yi dariya, irin dariyarta mai tsawo, ta manta wayar tana ɗauka. Minti goma sha biyu suna hirar banza, ta tsadar manja da akuyar maƙwabta.

Habila ya saurara sau uku a gindin mangwaro. Sa'an nan ya kira Tabita. Ita ma ta riga ta ji. Ta ce jaririyar tana kwance a ƙirjinta, ta sa mata wayar kusa da kunne. Su biyu suka riƙe waya suna saurare, kakar tana dariya a tsakaninsu.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Faifan nan mai rauni shi ne abin da muke ƙauna wanda ya lalace a hannunmu, ba mu da ikon gyara shi: gidan da salama ta fita daga cikinsa, ɗan da ya bar hanya, jikin da ya ƙi warkewa, zuciyar da rashi ya farfasa. Manhajar da ke bin sa lungu-lungu ita ce aikin Ubangiji, wanda yake yi a ɓoye, a hankali, ba ya tsallake wuri don wurin yana da wuya. Umarnin kuwa shi ne ni da kai.

Ku lura, Habila bai ƙi jira ba. Ya jira. Har ƙarin awa ɗaya ya yi, yana ganin ya kyauta. Haka yawancinmu muke. Ba ma cewa ba za mu jira Allah ba. Mukan ce, zan yi addu'a har Kirsimeti. Zan yi haƙuri da wannan mutum shekara ɗaya. Zan riƙe gaskiya a wurin aiki har ƙarshen wata, in ban ga canji ba in bi hanyar da kowa yake bi. Wa ya gaya mana Kirsimeti? Wa ya gaya mana shekara ɗaya? Mu muka yanka, muka ɗora wa Allah. In wa'adin ya cika sai mu kwashi ɗanyen abu mu tafi da shi, mu kashe fitila a kan aikin da ba a gama ba, daga baya mu ce an ba mu rabin amsa. Wannan jiran agogo ne. Jiran bangaskiya ba ya tambaya ƙarfe nawa. Abin da yake tambaya shi ne, Mai aikin yana nan? In yana nan, sai ya koma ya zauna, gobe ya sake leƙawa. Leƙawar nan ita ce addu'arku ta kowace safiya.

Akwai waɗanda suke zaune a nan yau, lissafinsu ya tsaya a sittin da ɗaya. Shekara nawa ba abin da ya motsa. Yatsanku yana kan maɓalli. Ban zo in ce muku saura kwana kaza ba, gama ban sani ba, duk wanda ya ce muku ya sani yana faɗin abin da ya hango daga bakin hanya ne. Ba zan kuma ɓoye muku ba, jira yana da ciwo. Tabita ta haihu ba muryar uwarta, wannan rana kuwa ba ta dawowa. Gaggawa ma tana da tata hasara, wadda tuba ba ya mayar da ita duka: waƙa talatin da ɗaya sun tafi. Allah yakan gafarta mana garajenmu, amma wani tabon yakan zauna.

Duk da haka, ku tuna inda aka sami abin da ya fi daraja. Ba a farkon faifan yake ba, yana can ƙarshe, bayan wuri mai wuya. Habila bai roƙe shi ba, bai ma san yana nan ba. Da ya danna maɓalli ran Asabar, da har ya mutu bai san abin da ya rasa ba.

Mu ma muna da waɗanda muke marmarin jin muryarsu, muna da Wanda muke marmarin ganin fuskarsa. Ba a ba mu ranar ba. An dai ce mana yana aiki, zai kuwa gama. Saboda haka ku janye hannu, ku tashi ku yi noman da ke gabanku, gobe da safe ku sake leƙawa.

Wanda Allah ya ba kunne a cikinmu, kada ya bar wannan magana a bakin ƙofa. Bari mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.